Rangwame ko Shekarun Amfani: Nazarin Zaɓin Wata Malama Tsakanin Tsohuwar Kwamfutar Hannu da Sabuwa

A ƙarshen shekarar 2025, wata malama mai koyar da harshe ga manyan ɗalibai ta ƙudiri aniyar sayen kwamfutar hannu, domin wayarta ta yi mata ƙanƙanta wajen karatu, kwamfutarta ta tafi-da-gidanka kuma ba ta da allon da za a yi rubutu a kansa da alƙalami. Aikin da take son yi da na'urar a fayyace yake. Za ta karanta littattafai da takardun PDF, za ta duba rubutun ɗalibanta ta yi musu gyara da hannunta a kan allo, za ta ba da darasi kai tsaye ta bidiyo, sannan za ta riƙa adana hotunan bidiyon wasu darussan domin waɗanda ba su samu halarta ba. Ba ta wasannin kwamfuta, ba ta zane, ba ta tace fim. Sharaɗi ɗaya ta kafa wa kanta tun da farko, wanda daga baya ya zama ginshiƙin dukan lissafin: ba ta son ta sake sayen wata na'urar kafin shekara biyar su cika.

Na'urori biyu ne suka fara shiga gabanta, dukansu na kamfanin Apple. Ta farko ita ce iPad zubi na tara, wadda ta fito a watan Satumba na 2021, kamfanin kuma ya daina sayar da ita a watan Mayu na 2024, amma har lokacin akwai ragowarta a hannun 'yan kasuwa, sabuwa fil a cikin kwalinta. An yi mata rangwame mai tsoka, har farashinta ya sauko zuwa kusan kashi 60 cikin 100 na farashin sabuwar. Ta biyu ita ce iPad mai ƙwaƙwalwar A16, wadda ta fito a watan Maris na 2025, kuma ita ce sabuwa a jerin masu sauƙin kuɗi na kamfanin a wancan lokaci. Da malamar ta ɗauki kowace a hannu, ta buɗe shafukan intanet, ta kalli bidiyo, ba ta ga bambancin da ya kai na kuɗin ba. Wannan abin da ta gani gaskiya ne, kuma bai kamata a raina shi ba, domin a cikin minti goma na gwaji tsohuwar na'urar tana yin duk abin da sabuwar ke yi. Bambancin yana wurin da gwajin minti goma ba ya kaiwa.

Abu na farko da ya kamata a auna shi ne tsawon lokacin da kamfanin zai ci gaba da sabunta babbar manhajar na'urar, wato iPadOS. Apple ba ya buga alkawarin cewa iPad kaza za ta samu sabuwar babbar manhaja har shekara kaza, amma abin da ya yi a baya a bayyane yake ga duk mai son dubawa. iPad zubi na biyar, ta 2017, ta tsaya a kan iPadOS 16, ba ta samu ta 17 ba da ta fito a 2023. Zubi na shida, ta 2018, ta tsaya a kan 17, aka bar ta a baya a 2024. Zubi na bakwai, ta 2019, ta tsaya a kan 18, kuma da iPadOS 26, wadda ita ce ta biyo bayan 18 kai tsaye, ta fito a watan Satumba na 2025 ba a saka ta cikin jerin ba. Sau uku a jere ke nan ana sauke na'ura ɗaya a kowace shekara, kowace kuma bayan kimanin shekara shida da fitowarta. Idan aka ci gaba da tafiya a kan wannan tsari, zubi na tara, ta 2021, za ta daina samun sabuwar babbar manhaja a wajajen 2027, yayin da ta 2025 za ta iya kaiwa farkon shekarun 2030. Wannan hasashe ne da aka gina a kan tarihi, amma tarihi ne mai daidaito, kuma mai saye yana da dalilin dogara da shi fiye da dogara da zato.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne cewa agogon nan yana fara bugawa ne daga ranar da na'urar ta fito, ko da kuwa ta yi shekara huɗu a rufe cikin kwali ba wanda ya taɓa ta. Garantin shekara ɗaya da kamfanin ke bayarwa yana farawa daga ranar saye, amma shekarun sabunta manhaja ba sa jiran mai saye. Malamar da ta sayi zubi na tara a ƙarshen 2025 za ta karɓi na'ura mai sabon gilashi da sabon jiki, wadda kuma ta riga ta cinye kusan kashi biyu cikin uku na rayuwar manhajarta.

Ya kamata a yi adalci a nan, domin ana yawan zuzuta wannan batu. Na'urar da aka daina ba wa sabuwar babbar manhaja ba ta mutuwa a ranar. Apple yakan ci gaba da aika gyare-gyaren tsaro ga tsofaffin manhajoji na wani lokaci, kuma akwai mutane masu yawa da ke amfani da iPad ɗin da ta haura shekara takwas suna kallon bidiyo da karatu ba tare da damuwa ba. Matsalar tana zuwa ne a hankali, ta ƙofar ƙananan manhajoji. Masu ƙera manhajar taron bidiyo, ko ta banki, ko ta rubutu da alƙalami, sukan ɗaga mafi ƙarancin tsarin da manhajarsu ke buƙata, sai wata rana mutum ya je sabuntawa a ce masa na'urarsa ba ta kai ba. Ga mai kallon bidiyo kawai, wannan ƙaramin abu ne. Ga malamar da abincinta ya rataya a kan manhajar taron bidiyo, kuma take riƙe da sunaye da makin ɗalibai a cikin na'urar, abu ne da ba za a yi wasa da shi ba.

Daga nan lissafin kuɗin ya canza kama. Idan aka ɗauki farashin sabuwar a matsayin 100, tsohuwar kuma 60, aka raba kowane da shekarun da suka rage mata na cikakkiyar sabuntawa, wato kimanin biyu ga tsohuwar da kimanin shida ga sabuwar, sai a ga tsohuwar tana cin 30 a kowace shekara, sabuwar kuma ƙasa da 17. Idan aka sassauta, aka ƙara wa kowace shekara biyu na amfani bayan yankewar sabuntawa, tsohuwar ta koma 15 a shekara, sabuwar kuma 12 da rabi. Tazarar ta ragu ƙwarai a lissafi na biyu, abin da ke nuna cewa rangwamen ba yaudara ba ne, farashi ne da ya yi kusa da daidai da abin da ya rage a jikin na'urar. Amma ko a lissafin da ya fi yi wa tsohuwar sassauci, ba ta kai shekara biyar ɗin da malamar ta kafa ba. Ana cewa araha ba ta ado, sai dai a wannan lamari arahar ba ta da aibi a kanta, illa kawai gajeren zango ne take sayarwa ga wadda ta zo neman dogo.

Abu na biyu shi ne ma'adana. Zubi na tara mai rangwamen tana da GB 64, sabuwar kuma daga GB 128 take farawa. iPad ba ta da wurin saka katin ƙarin ma'adana, saboda haka abin da aka saya da shi za a zauna har ƙarshe. Babbar manhajar da fayilolinta suna cinye wani kaso mai kauri na GB 64 tun kafin a sauke komai, kuma kowace sabuntawa tana buƙatar fili kafin ta sauka. Takardun PDF ba su da nauyi sosai, amma bidiyon darasi yana da shi, kuma shi ne abin da malamar za ta riƙa tarawa mako bayan mako. Akwai zubi na tara mai GB 256, amma da ta tambayi farashinta sai ta tarar ya matso kusa da na sabuwar, har rangwamen ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Wannan abu ne da ke yawan faruwa: babban rangwame yakan sauka ne a kan samfurin da ya fi ƙarancin ma'adana, domin shi ne ya fi yin kwantai.

Sai maganar kafar caji da alƙalami, wadda ta fi yadda ake zato muhimmanci. Zubi na tara ita ce iPad ta ƙarshe mai kafar Lightning, sabuwar kuma tana da USB-C, irin wadda ke jikin yawancin wayoyi da kwamfutoci na yanzu, kuma wadda dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin wayoyi da kwamfutocin hannu daga ƙarshen Disamba na 2024. Malamar tana da waya mai USB-C, don haka sayen tsohuwar na nufin yawo da wayoyin caji iri biyu. Mafi nauyi shi ne alƙalamin. Daga cikin alƙaluman Apple, zubi na tara tana aiki ne da Apple Pencil na farko kaɗai, wanda ake cajinsa ta hanyar soka shi a kafar na'urar. Sabuwar tana karɓar alƙalami mai USB-C da ya fito a 2023, wanda kuma yake aiki da sauran sababbin samfuran kamfanin, ta yadda idan ta canza na'ura nan gaba ba lallai ne ta sake sayen alƙalami ba. Gaskiya ne cewa alƙalamin mai USB-C ba ya jin ƙarfin dannawar hannu, alhali na farkon yana ji, amma wannan damuwar mai zane ce, ba ta mai jan layi a ƙarƙashin kuskuren nahawu ba. A gefe guda, tsohuwar tana da kafar iyafis mai waya, sabuwar ba ta da ita, kuma malamar ta ji zafin wannan rashi domin da iyafis mai waya take ba da darasi. Ƙaramar adafta ta magance shi. Kyamarar gaba kuma, a sabuwar tana gefen dogon ɓangaren allo, inda idan aka kwantar da na'urar a kan tebur mai magana zai bayyana yana kallon ɗalibansa, a tsohuwar kuwa tana gajeren ɓangare, sai a gan shi kamar yana kallon gefe.

Batir ma yana tsufa a cikin kwali. Batirin lithium yana rage ƙarfi sannu a hankali ko ana amfani da shi ko ba a yi, kuma idan aka bar shi ya zube ƙasa gaba ɗaya na dogon lokaci yana iya kasa riƙe caji. Shi ya sa Apple ke ba da shawarar a bar na'ura da kimanin rabin caji idan za a ajiye ta, kuma a wuri mai sanyi. Mai saye ba shi da hanyar sanin irin zafin ɗakin da aka jibge kwalayen a ciki. Kamfanin ya ce an ƙera batirin iPad ne ya riƙe har kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 1,000, amma wannan ma'auni na amfani ne, bai ƙunshi shekarun zaman ajiya ba. Sabuwar tana da shafi a cikin saitinta da ke nuna lafiyar batir, da yawan cajin da aka yi, da lokacin da aka ƙera shi, har da zaɓin tsayar da caji a kashi 80 domin batirin ya daɗe. Zubi na tara ba ta da wannan shafi.

Da an tsaya a nan, da lamarin ya zama mai sauƙi, da kuma an fita da darasin da bai cika ba, wato cewa sabo ya fi tsoho. Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari shi ne na'ura ta uku da ta bayyana ana tsakiyar shawara: iPad Air mai ƙwaƙwalwar M1, wadda ta fito a watan Maris na 2022, ita ma sabuwa a kwali, an rage mata kuɗi har ta zo kusan daidai da iPad ta 2025. Wannan tsohuwa ce ta wani iri dabam, domin daga babban aji ta sauko. Ƙwaƙwalwar M1 irin wadda aka saka wa kwamfutocin Mac ce a 2020, kuma a ayyuka masu nauyi ta fi A16 ƙarfi. Tana da RAM, wato ma'adanar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta, na GB 8, alhali sabuwar tana da 6, zubi na tara kuma 3 kacal, kuma RAM ne ke sa a iya buɗe manhajar taro da takarda da littafin rubutu lokaci guda ba tare da ɗaya ta rufe kanta ba. Allonta a manne yake da gilashin sama kuma yana da rufin rage ƙyalli, yayin da iPad ta 2025, kamar ta 2021, take da ɗan rata tsakanin gilashi da allo, wanda mai rubutu da alƙalami yake gani kuma yake jin ƙararsa. Kafarta ta USB-C ta fi ta sabuwar saurin kwashe fayil nesa ba kusa ba. Sannan tana iya gudanar da Apple Intelligence, tsarin ƙirƙirarriyar basira na kamfanin, wanda ke buƙatar M1 ko abin da ya biyo bayanta, ko kuma A17 Pro, abin da ke nufin iPad ɗin da ta fito a 2025 ba ta iya abin da ta 2022 ke iyawa.

Wannan ya nuna cewa shekarar da aka rubuta a kwali ba ita kaɗai ce ma'auni ba. Ita kanta A16 ɗin da ke cikin sabuwar, a cikin iPhone 14 Pro ta fara fitowa a 2022, kamar yadda A13 ta zubi na tara ta fara fitowa a iPhone 11 a 2019. Samfurin mai sauƙin kuɗi yakan zo ne da ƙwaƙwalwar da ta riga ta yi shekara biyu ko uku a kasuwa, don haka tsohuwar na'ura daga babban aji tana iya tsere wa sabuwa daga ƙaramin aji. A ganina, a nan ne ainihin zaɓin malamar yake, kuma na yi imani mutum mai hankali zai iya faɗawa kowane ɓangare ba tare da ya yi kuskure ba.

Abin da ya karya Air ɗin a wajenta shi ne ma'adana, domin mai rangwamen GB 64 ce, daidai matsalar da ta sa aka ƙi zubi na tara. Kyamararta ta gaba ma tana gajeren ɓangare, domin sai a Air ta 2024 aka mayar da ita dogon ɓangare. Ga kuma batun shekaru: ƙarfin M1 yana ba da dalilin fatan za ta daɗe tana samun sabuntawa, amma ta riga ta yi fiye da shekara uku da rabi a kasuwa, kuma tun Mayu na 2024 aka daina sayar da ita. Wannan rana tana da tasiri, saboda Apple yana tabbatar da samuwar kayan gyara ne na aƙalla shekara biyar daga lokacin da ya daina rarraba na'ura, bayan shekara bakwai kuma yakan daina yi mata gyara. Ga wadda ke lissafin kaiwa ƙarshen 2030, Air ɗin za ta fita daga wancan tabbaci kafin wa'adin ya cika. Sannan ƙarfin da ta fi sabuwar da shi, ƙarfi ne da aikin malamar ba zai taɓa nema ba. Abu ɗaya da zai amfane ta kullum shi ne allon, kuma ta daɗe tana jujjuya wannan kafin ta haƙura da shi.

Yana da kyau a ambata cewa da a ɓangaren Android take neman na'ura, da wani sashe na wannan hasashe bai zama dole ba. Samsung ya bayyana cewa jerin Galaxy Tab S9 na 2023 za su samu sabuntawar babbar manhaja sau huɗu da gyaran tsaro na shekara biyar, jerin Tab S10 na 2024 kuma shekara bakwai, ta yadda tazarar shekara ɗaya a fitowa ta haifar da tazarar shekara uku a ranar yankewar gyaran tsaro. Haka kuma daga 20 ga Yuni na 2025 ƙa'idar Tarayyar Turai ta buƙaci sababbin wayoyi da kwamfutocin hannu da ake sakawa a kasuwarta su samu sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Ina ganin wannan hanya ce da ta dace, domin bai kamata a bar mai saye yana ƙirga tarihin kamfani da yatsu kafin ya san tsawon ran abin da zai biya kuɗinsa ba.

Malamar ta sayi iPad ta 2025 mai GB 128, tare da alƙalami mai USB-C da adaftar iyafis. Na yarda da wannan hukunci, amma saboda dalilai uku da suka keɓanta da ita: wa'adin shekara biyar, tarin bidiyo, da dogaron sana'arta a kan manhajojin da dole su kasance a sabunce. Idan aka cire ɗaya daga cikinsu amsar tana iya juyawa. Wanda yake neman na'urar da yaro zai yi karatu da kallo na shekara biyu ko uku, zubi na tara a kashi 60 cikin 100 ciniki ne mai kyau, kuma biyan cikakken farashi a wajensa ɓarnar kuɗi ce. Mai zane ko mai tace bidiyo da ke ajiye ayyukansa a ma'adanar waje, Air mai M1 ta fi masa sabuwar ta kowace fuska da ta dame shi.

Kafin ta biya, ta yi abin da ya wajaba a kan duk mai saye, musamman mai sayen tsohon samfuri. Ta shigar da lambar na'urar a shafin duba garanti na kamfanin domin ta tabbatar ba a taɓa kunna ta ba, saboda akwai bambanci tsakanin sabuwa a kwali, da wadda aka gyara aka sake naɗewa, da ta hannu, kuma ba kowane mai sayarwa ke fayyace wannan ba sai an tambaya. Ta buɗe kwalin a gaban mai sayarwa, ta kunna na'urar ta ga ba ta ɗaure da asusun wani ba, domin iPad ɗin da aka kulle da asusun tsohon mai ita ba ta da amfani ga kowa sai shi. Ta duba shafin batir ta ga adadin caji da watan ƙira, sannan ta kunna iyakar kashi 80, tunda yawancin aikinta a kan tebur ne kusa da wuta.

Bayan ta fara aiki da ita, abubuwa biyu sun tabbata. Bidiyon darussa ya cika ma'adanar da saurin da ya nuna cewa GB 64 ba za ta ishe ta ko zango ɗaya na karatu ba sai da goge-goge, har ma ta fara kwashe tsofaffin darussa zuwa ma'adanar waje ta kafar USB-C, inda jinkirin kafar yake bayyana idan fayilolin suna da yawa. Ratar da ke tsakanin gilashi da allo kuma tana nan tana ganinta duk lokacin da take gyaran rubutun ɗalibai, musamman a ƙananan haruffa, kuma ƙyallin fitila a kan allon ya sa ta manna masa leda mai rage haske, wadda ta ɗan dusashe kaifin rubutu amma ta sa alƙalamin ya daina zamewa.